A Maido Mana da Darasin Saƙa

Daga wasu ɗaliban babban aji uku

 Muna godiya ga masu shirya wannan mujalla ta shekara, da suka ba mu fili mu faɗi abin da ke ranmu kafin mu bar makaranta. Maganar da muka zo da ita ƙarama ce a ido, gama maganar zaren ulu ce da kwarashi da bargon jariri. Amma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Sa'ad da muka shigo ƙaramin aji ɗaya, akwai awa guda da aka keɓe kowace Alhamis da yamma domin aikin hannu. Malamarmu ta darasin kula da gida takan zo da jakar ulu da kwarashi da tsinken saƙa, mu zauna a inuwa, ta koya mana yadda ake kafa idon farko, da yadda ake riƙe zare kada ya yi tauri ko ya yi sako-sako. Wasunmu sun kai ga saƙa hula da safa, kaɗan daga cikinmu har sun gama shawul. Daga baya sai aka soke wannan awa, aka mai da ita ƙarin darasin shirin jarrabawa. A taron iyaye da malamai inda aka yi maganar, wani uba ya miƙe ya ce shi bai sayar da masararsa ya biya kuɗin makaranta don 'yarsa ta koyi abin da kakarta ta iya ba tare da ta taɓa taka ƙofar aji ba. Jama'a suka yi dariya, wasu suka tafa, magana ta ƙare a nan.

Ba mu ga laifin wannan uba ba. Duk wanda ya san wahalar noma a Tudun Wada ko Doguwa, tun daga kuɗin taki har zuwa ranar da buhu zai hau mota, ya san cewa mai biyan kuɗin makaranta yana da iko ya tambayi abin da ake koya wa ɗansa. Amma mun yi shekaru muna juya maganar, kuma mun tabbata an yi kuskure. Ga dalilanmu.

Da farko, akwai maganar sanyi. Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin hunturu ba. Wanda ya kwana a bakin madatsar ruwan Tiga cikin watan Janairu, ko ya ratsa dajin Falgore da asuba a bayan babur, ko ya tashi a gindin duwatsun Riruwai, ya san yadda sanyi yake shiga har ƙashi. Babba yakan ja bargo, ya hura wuta, jikinsa ya yi kaɗuwa ya sami ɗumi. Jariri sabon haihuwa ba ya iya ko ɗaya cikin waɗannan. Fatarsa siririya ce, kitsen jikinsa kaɗan ne, kansa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, ga shi kuma yakan fito a jiƙe. Saboda haka zafin jikinsa yakan zube da sauri ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daidai zafin jikin jariri shi ne daga digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Salsiyas, in ya sauka ƙasa da 36.5 to sanyi ya kama shi. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi laushi, ya ƙi kama nono, sukarin jininsa ya sauka, numfashinsa ya rikice, ƙaramar cuta kuma ta sami ƙofar shiga. Abin ya fi tsanani ga bakwaini da duk jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Ɗaya daga cikinmu ta ga wannan da idonta. Matar yayanta ta haifi bakwaini a gida cikin tsakiyar hunturu. Da gari ya waye aka ga yaron ba ya tsotso, sai aka hau babur zuwa ƙaramin asibiti mafi kusa, an naɗe shi da zanen atamfa falle ɗaya, iska tana bugunsu tun daga gida. Da ma'aikaciyar jinya ta taɓa tafin ƙafarsa, sai ta ji shi kamar ruwan randa. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta kwance yaron, ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ta ɗauko wata tsohuwar hular ulu ta sa masa, ta lulluɓe su duka biyu da shawul. Allah ya yi da sauran kwana, yaron yana nan yanzu yana gudu a tsakar gida. Amma abin da ya tsaya wa 'yar'uwarmu a rai shi ne, hular nan da shawul ɗin na ma'aikaciyar ne, na 'ya'yanta da suka girma, ta ajiye su a aljihun tebur domin irin wannan rana. Da an kawo jarirai uku a safiyar nan, da biyu sun rasa.

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 ne suka mutu a duniya kafin su cika kwana 28, Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan asara. Ba mu ce sanyi ne ya kashe su duka ba. Haihuwa kafin lokaci, da wahalar naƙuda, da cututtuka su ne manyan dalilai. Sai dai sanyi yakan haɗa kai da kowannensu ya ƙara masa ƙarfi, kuma cikin dukan waɗannan abokan gaba shi ne wanda ɗalibin sakandare zai iya yaƙa da hannunsa.

A nan dole mu faɗi gaskiya, kada a ce mun cika baki. Bargo ba ya haifar da ɗumi, tsare ɗumin da ke akwai kawai yake yi. In aka naɗe jaririn da ya riga ya yi sanyi cikin bargo aka ajiye shi a kan gado shi kaɗai, ba lalle ya ɗumama ba. Babban bargon jariri shi ne jikin uwarsa. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya ga bakwaini sun yi yawa a asibitinsu, kwalaben da ake sa su a ciki kuwa ba su isa ba. Sai ya fara sa iyaye mata su goya jariransu a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna ba su nono. Aka kira wannan hanya goyon kangaru, saboda dabbar nan ta Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara irin wannan goyo ga bakwaini da ƙananan jarirai nan da nan bayan haihuwa. Mu da muka gaji goyo da majanyi tun kaka da kakanni, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, juyo da goyon gaba kawai aka yi. To amma ko a wannan hanya ana bukatar hula a kan yaro, da safa a ƙafarsa, da mayafi mai ɗumi da zai rufe shi da uwarsa. Nan ne aikin mai saƙa yake shigowa.

Abu na biyu shi ne amsar maganar uban nan, cewa abin da kaka ta iya ba sai an koya a aji ba. Saƙa bargon jariri yadda ya kamata yana bukatar sani, kuma makaranta ce wurin ba da shi. Dole zaren ya zama mai laushi. Malamarmu takan ce a goga shi a wuya ko a cikin hannu, in ya yi ƙaiƙayi a jikin babba to jariri ba zai jure ba. Dole idon saƙar ya zama ƙanana, domin manyan ramukan ado da ke burge mutane ranar suna sukan kama yatsun yaro. Ba a sa maɓalli, ko duwatsun ado, ko dogon geza, ko igiya, domin yaro zai iya haɗiyewa ko su shaƙe shi. Kowane bakin zare sai an cusa shi cikin saƙar an ɓoye. Sai an wanke bargon da sabulu marar ƙarfi, ya bushe sarai a rana, kafin a ba mai jego. Yawancin ulun da ake sayarwa a kasuwa yanzu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na masana'anta. Yana da sauƙin wanki da saurin bushewa, amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. A gidajenmu kuwa, inda ake ajiye kaskon garwashi a ɗakin mai jego, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne. Shi kansa garwashin, in aka rufe ƙofa da taga aka kwana da shi, yana fitar da iska marar wari mai kisa.

Haka nan akwai sanin yadda za a yi amfani da bargon. A kwantar da jariri rigingine, bargo ya tsaya a ƙirjinsa, a cusa gefensa, kada ya taɓa rufe fuska. A jinkirta wankan farko har sai jariri ya yi awa 24, a goge shi dai a busar da shi da zarar ya fito. Da bazara kuwa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Kano, tara wa yaro suwaita da shawul domin a yi ado zalunci ne. Zanen auduga marar nauyi ya ishe shi. Mun sha ganin jariri a cikin sujada yana ta kuka, gumi ya jiƙe shi, an naɗe shi da kayan sanyi uku a tsakiyar Afrilu. Yarinyar da ta koyi saƙa a aji tare da dalilan kowane abu, ita ce gobe za ta zama uwa ko ma'aikaciyar jinya ko matar fasto da za ta gyara irin wannan a ƙauyensu.

Abu na uku, wasu sun ce mana me ya sa za a ɓata makonni ana saƙa abin da za a saya a Kantin Kwari ko a wurin 'yan gwanjo cikin minti biyar. Wannan magana tana da ƙarfi, ba za mu musa ba. Shawul ɗin inji da ake shigowa da shi daga Sin ya fi araha in aka lissafta kuɗin ulu da lokacin mai saƙa. Duk wanda ya ce mana saƙar hannu za ta kori kayan kanti daga kasuwa, ruɗinmu yake yi. Amma matar da ta haihu da tsakar dare a wani ƙauye bayan Kwanar Dangora ba ta da Kantin Kwari a kusa, sau da yawa kuma ba ta da kuɗin ko da na gwanjon. Mai hali zai saya, Allah ya ƙara masa. Mu maganarmu a kan marar hali ce, da kuma aljihun teburin nan na ƙaramin asibiti wanda ya kamata a same shi cike.

Ban da haka, dogara ga kanti kaɗai ya riga ya koya mana darasi. Ƙasar Kano ƙasar zare ce tun fil azal. Kakanninmu mata sukan gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, masaƙa su mai da ita gwado da luru da saƙi, marina su rina. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura da muke wucewa a hanyarmu ta zuwa birni ya yi suna wajen turkuɗin da Buzaye suke naɗawa. Daga baya manyan masaƙu na zamani suka zo. An buɗe ta farko a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mutane suka ajiye mazari suka kama aikin kamfani. Sannu a hankali rashin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da kwararowar yadin waje suka durƙusar da yawancinsu, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007. Sai muka wayi gari mazari ya tafi, inji ya tsaya. Yau in kika tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa ganin ana kaɗi, da ƙyar ki sami hannu biyu a sama. Kwarashi da tsinken saƙa baƙi ne a ƙasarmu, daga Turai suka zo, matan Zumunta da malaman makaranta suka karɓa suka yaɗa. Amma su ne suka rage a hannun 'yan zamaninmu, kuma hannun da ya saba da zare ko ta wace hanya bai rabu da gadon gidansu ba.

Abu na huɗu, 'yan'uwanmu maza sun ce saƙa aikin mata ne. Muna tambayarsu, su waye masaƙan da suka saƙa gwadon da kakanninsu suka lulluɓa da shi? Maza ne suke zama a ƙaramar masaƙa suna jefa ƙoshiya, mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida. Su waye suke ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga a zaure? Su waye yawancin telolin garinmu? Manzo Bulus da kansa, da dukan iliminsa, maɗinkin tanti ne. Littafin Ayyukan Manzanni sura 18 ya nuna yadda ya zauna da Akila da Biriskilla a Koranti suna wannan sana'a tare. Kuma kowane ɗayanku in Allah ya yarda zai zama uba. Goyon ƙirjin da muka ambata, uba ma yana iya karɓar uwa ta huta. Namijin da ya taɓa zama ya saƙa wa jariri hula ba zai ɗora matarsa da ɗan kwana ɗaya a kan babur da asuba da zane falle ɗaya ba.

Saura maganar jarrabawa. Mu ne muke fuskantar WAEC da NECO da JAMB, ba mai gaya mana nauyinsu. Amma awa ɗaya a mako ba ita ke kayar da ɗalibi ba. In za mu faɗi gaskiya, awannin da muke kashewa a hira da kallon waya lokacin hutu sun ninka wannan sau da yawa. Saƙa kuma ba gāba take yi da karatu ba. Mai saƙa tana ƙidaya, tana awo, tana raba idanu, tana lissafin curin ulu nawa zai isa. In ta yi kuskure a layi na goma ta gano shi a layi na ashirin, dole ta warware ta sake, ba satar amsa, ba roƙon malami. Mu da muka taɓa wannan warwara da hawaye a ido mun san irin haƙurin da take koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba kuma dukanmu ne za mu sami shiga jami'a a shekarar farko ba. Wadda ta iya hula da safa da suwaitar yara ba za ta zauna hannu rabbana ba in hunturu ya kama.

Bisa ga wannan, ga abin da muke roƙo, kuma mun auna shi da ƙarfin makarantarmu.

Na ɗaya, a maido da awa guda ta aikin hannu a mako ga ƙananan azuzuwa, maza da mata.

Na biyu, kada a ɗora wa yaro ɗaya saƙa bargo sukutum, gama zai gaji ya yar. Kowa ya saƙa yanki mai kusurwa huɗu, santimita 15 kowane gefe. Yanki 30, biyar a faɗi shida a tsawo, in aka haɗa su za su ba da bargo mai faɗin santimita 75 da tsawon 90, wanda ya ishi jariri. Ajin da ke da ɗalibai 30, in kowa ya kawo yanki ɗaya a mako, bargo ɗaya ke nan kowane mako, goma cikin mako goma. Haka masaƙanmu na dā suke yi, su saƙa siraran ƙyallaye sa'an nan a haɗa su gefe da gefe su zama gwado. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, muna roƙon iyayenmu mata na Zumuntar Mata, waɗanda da yawansu gwanaye ne, su riƙa zuwa bi da bi suna taya malamarmu koyarwa, su kuma karɓi aikin haɗa yankuna da duba su. Ikilisiyoyi su taimaka da ulu. Ko tsohuwar suwaita ce, in an warware ta an wanke zaren, za ta yi aiki.

Na huɗu, kafin hutun Kirsimeti kowace shekara, a kai barguna da huluna ga ƙananan asibitoci da ungozomomi a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a bar su a hannun ma'aikata su ba wanda ya fi bukata. Kada a tambayi uwar ko wace ikilisiya take zuwa, ko Kirista ce ko Musulma. Maƙwabtanmu ne, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, ɗa kuwa na kowa ne.

Muna tunawa da Tabita, wadda ake kira Dokas, mutuniyar Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Amma ranar da ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Shaidarta ke nan, kuma ta isa. Kowace Kirsimeti kuma muna karanta Luka sura 2, muna jin yadda Maryamu ta naɗe ɗanta da zanen goyo ta kwantar da shi a komin dabbobi. Ubangijinmu ma ya taɓa zama jaririn da yake bukatar a lulluɓe shi. Makarantar da aka kafa da sunansa bai kamata ta ga wannan aiki ya yi mata ƙanƙanta ba.

Mu dai mun zo tafiya, ba mu ne za mu ci moriyar wannan roƙo ba. Amma kafin mu tafi, mu da muka sami ɗan koyo a ƙaramin aji ɗaya mun haɗa kuɗin karin kumallonmu mun sayi ulu, mun saƙa barguna uku da huluna bakwai. Ba su yi kyan na kanti ba, wani yankin ya fi wani girma, kalolin ma ba su dace sosai ba. Mun bar su a ofishin Shugaban makaranta domin a fara da su. Muna roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sake duba wannan magana a zamansu na gaba. Ga ƙannenmu kuma muna cewa, in an maido muku da awar nan, ku riƙe ta da kyau.

Allah ya albarkaci makarantarmu, ya sāka wa malamanmu da iyayenmu, ya raya jariran ƙasarmu. Amin.